An sallame shi daga asibiti, ya koma wa tramol: ina gizo ke saƙa?

Tambayar da iyaye da yawa ke yi a Yamai, a wurin suna, a zaman makoki, ko a shirin rediyon da ake buga waya, ita ce: yaro ya yanke jiki ya faɗi saboda tramol, an kwashe shi zuwa asibiti, ya yi kwanaki ana ƙara masa ruwa, an sallamo shi fes, to me ya sa bai cika wata ba ya koma? Wani ma komawar ce ke zama ajalinsa. Sai a ce taurin kai ne, ko abokan fada ne suka ja shi, ko sammu aka yi masa. Da labari ya fara zuwa cewa a wasu ƙasashe likitoci kan ba irin waɗannan mutane wani magani, shi ma ɗan dangin ƙwayar, su riƙa sha kullum har watanni ko shekaru, sai gardama ta ƙaru: yaya za a yi maganin ƙwaya da ƙwaya?

Amsar duka biyun tana cikin abin da ke faruwa a jikin mutum tun daga ranar da aka ba shi gado har makonnin farko bayan ya koma gida.

## Wace ƙwaya ake nufi?

Wiwi da sholisho da diyazefam kowanne da tasa hanyar, ba su ne a gabanmu ba. Maganar ta dangin ofiyom ce: mofin da ake yi wa mai tsananin ciwo allurarsa, kodin da ke cikin wasu magungunan tari, hiroyin, sai tramadol da kowa a nan ya sani da tramol. Dukkansu gurabe iri ɗaya suke sauka a ƙwaƙwalwa da lakka. Guraben nan suna rage jin zafi, suna kawo natsuwa da jin daɗi, suna kuma rage numfashi. Rage numfashin ne ke kisa.

Tramadol maganin kirki ne a asalinsa. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1977 da sunan Tramal, kuma a asibitocin da mofin ke wuyar samu, sau da yawa shi ne abin da likita ke da shi ga mai karaya ko wanda aka yi wa tiyata. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wadda ke yawo a tiren masu talla da tashoshin mota kuwa 120 ce, ko 200, ko 225, har 250, akasarinta daga Indiya ta tashoshin jiragen ruwan gaɓar teku. Saurayin da ya kora biyu masu 225 da shayin safe ya riga ya haura iyakar yini guda tun bai hau babur ba. A Satumban 2017 an kama ƙwayoyi sama da miliyan 3 a Nijar cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Indiya ta tsaurara dokar fitar da tramadol a 2018, sai masu fasa-ƙwauri suka karkata ga wani haɗi na tafentadol da karisofrodol, wanda binciken BBC ya fallasa a Fabrairun 2025 kafin Indiya ta haramta shi. Tafentadol ma ɗan dangin ne, ya kuma fi tramadol ƙarfi.

A nan akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Mai sikila, ko wanda ya karye a haɗarin kabu-kabu, ko matar da aka ciro wa jariri ta tiyata, in ya sha irin wannan magani na makonni jikinsa zai saba, kuma in aka yanke masa farat ɗaya zai wahala. Wannan sabon jiki ne, maganinsa a rage masa kaɗan-kaɗan bisa tsarin likita. Jaraba ta wuce nan: mutum na so ya bari ya kasa, yana ƙara yawa, yana cin bashi, yana ƙarya, yana ganin illa ƙiri-ƙiri amma bai fasa ba. Sai dai na farkon kan haifi na biyun in aka sallami majinyaci ba a gaya masa ranar da zai daina ba, ya ci gaba da sayen maganin a bakin hanya. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2017 ya nuna cewa cikin waɗanda aka fara rubuta wa tramadol, kusan kashi 14 cikin ɗari suna nan suna shan dangin ofiyom bayan shekara guda.

## Abin da kwanciya asibiti ke yi, da wanda ba ta yi

Wanda jikinsa ya saba, in ya rasa ƙwayar, cikin yini guda zai fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba, gumi, tsigar jiki na tashi, gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗawa, ga zawo ga amai, barci ya ƙaurace. Abin kan yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin kamar mako. Asibiti na iya sauƙaƙa wannan mako ƙwarai, da maganin zawo da na amai da na ciwo, da irin su kulonidin mai rage gumi da bugun zuciya.

Amma maganar da ta zauna a bakin jama'a cewa ƙarin ruwa na wanke jini ba haka take ba. Ruwan yana mayar da abin da zawo da amai suka zubar ne kawai. Hanta da ƙoda ke fitar da ƙwayar, kuma za su gama da ita cikin ƴan kwanaki ko an ɗaura ruwa ko ba a ɗaura ba. Abin da ba ya fita cikin kwanaki shi ne sauyin da ƙwaƙwalwa ta yi. Ta daɗe tana samun natsuwa daga waje, ta rage samar da tata. Shi ya sa wanda aka sallama kan yi makonni ko watanni da kasala, da baƙin rai, da rashin barci, abinci ba daɗi, hira ba daɗi, ga ƙishin ƙwayar na taso masa da zarar ya wuce ta gaban mai shayin da ya saba zama. Ƴan gida suna ganin mutum ya yi ƙiba ya yi haske, su ce Alhamdulillahi ya warke, alhali shi ya san abin da ke cinsa.

Ga kuma inda haɗarin ya fi muni. Juriyar da jiki ya tara ta shan ƙwaya mai yawa tana zubewa da sauri in an daina. Ɗan dako a kasuwar Katako da ya saba sungumar buhu mai kilo 100, in ya yi jinyar wata guda ya tashi ya ce sai ya ɗauki buhun nan a ranar farko, ƙugunsa ne zai gaya masa. Haka mai ƙwaya: a ransa yana nan a kan biyar ɗin da ya saba haɗiya, jikinsa kuwa ya koma na wanda bai wuce ɗaya ba. In ya haɗa da diyazefam ko giya, numfashin ya fi saurin tsayawa. An ga wannan a duk inda aka raba mutum da ƙwaya ta dole sannan aka sake shi haka nan. A jihar Washinton ta Amurka, binciken da aka wallafa a 2007 ya gano cewa a makonni biyun farko bayan fita daga kurkuku, haɗarin mutuwa ta shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Gadon asibiti da ɗakin kaso da ɗakin da iyaye suka kulle ɗansu, a wannan fuska duk abu ɗaya suke yi wa jiki.

## Magungunan da ake magana a kansu

Uku ne, kuma biyu daga ciki, metadon da bufrenofin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2005.

Metadon shi ne dattijonsu. Likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, su suka yi fice wajen gwada bayar da shi kullum ga masu shan hiroyin a tsakiyar shekarun 1960. Yana cika guraben nan na ƙwaƙwalwa, amma a hankali yake shiga, ya kuma daɗe bai fita ba, don haka sha ɗaya na riƙe mutum yini da kwana ba tare da hawa da saukar da ƙwayar titi ke jawowa ba. Wanda aka daidaita wa awonsa ba ya layi, ba ya gyangyaɗi, yana iya zuwa aiki. Galibi na ruwa ake bayarwa, a sha a gaban ma'aikacin lafiya. Yana da nasa haɗari: yana taruwa a jiki, saboda haka ake farawa da kaɗan, ba a wuce miligiram 30 a ranar farko, a riƙa ƙarawa sannu har a kai tsakanin 60 da 120 ga yawancin mutane. Kurɓi ɗaya na iya kashe ƙaramin yaro. Kuma rifamfisin na masu tarin fuka yana rage masa ƙarfi, dole likita ya san duk abin da majinyaci ke sha.

Bufrenofin ƙwaya ce da ake sawa ƙarƙashin harshe ta narke. Tana kama guraben gam, amma aikin da take yi rabi ne, kuma in an kai wani awo ƙari ba ya ƙara danne numfashi sosai. Wannan ya sa ta fi metadon aminci, har ana iya ba mutum ta mako ya tafi da ita gida. Sharaɗinta shi ne kada a fara ta sai alamun rashin ƙwaya sun bayyana, domin in akwai sauran ƙwaya a jiki za ta ture ta da ƙarfi, mutum ya shiga azabar da ake gudu nan take. Faransa ta bai wa likitoci na gama-gari damar rubuta ta daga 1996, da sunan Subutex, kuma cikin ƴan shekaru mace-macen hiroyin a ƙasar suka ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Yanzu har akwai ta allura mai riƙe wata guda.

Naltirekson daban yake. Toshe guraben yake yi, ko mutum ya sha ƙwaya ba zai ji komai ba. Iyaye sun fi son jin wannan, amma sai an yi kwana 7 zuwa 10 ba ƙwaya kafin a fara shi, ba ya kwantar da ƙishin kamar sauran biyun, kuma wanda ya daina shan sa ya koma wa ƙwaya ba shi da juriya ko kaɗan. Ya fi dacewa da wanda ya riga ya yi nisa da barin ƙwayar, yana da mai sa masa ido.

Mace mai ciki da ta kamu da jarabar nan, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ɗora ta kan metadon ko bufrenofin. Yanke mata farat ɗaya na iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini.

## "An sai da kare an sai biri"

Masu cewa tsugune ba ta ƙare ba suna da abin kamawa. Gaskiya ne metadon da bufrenofin ƴan dangin ofiyom ne, kuma wanda ke kansu in ya yanke zai wahala. Gaskiya ne kuma maganin kan ɓalle zuwa kasuwar bayan fage. Faransa ta sha fama da masu sayar da Subutex a titi. A ƙasar da ake sayar da maganin da ya kamata a kulle a kan tire cikin rana, wannan tsoro ba na banza ba ne.

Sai dai a duba me ake son cimma. A Suwidin an yi wani gwaji da aka wallafa a 2003, kan mutum 40 masu shan hiroyin. Dukkansu an ba su nasiha da zaman tattaunawa iri ɗaya. An bar 20 a kan bufrenofin shekara guda, sauran 20 aka janye musu cikin kwana 6. Da shekara ta zagayo, 15 daga rukunin farko suna nan cikin jinya. A rukuni na biyu babu ko mutum ɗaya da ya rage, kuma huɗu sun mutu. A jihar Masacusets ta Amurka an bi sawun mutum fiye da 17,000 da suka tsira daga shan ƙwaya fiye da kima tsakanin 2012 da 2014. Waɗanda aka ɗora kan metadon, mutuwa ta dalilin ƙwaya ta ragu musu da kashi 59 cikin ɗari, masu bufrenofin da kashi 38. A ganina, wanda ya ce a bar yaro da ƙarfin zuciyarsa kaɗai, sai ya fara kallon waɗannan alƙaluma. Likitoci na lissafa jarabar nan cikin cututtukan da ake daɗewa ana jinya, don haka ba sa ƙayyade ranar gamawa tun farko. Wani shekara guda, wani shekaru, kuma makonni huɗun farko bayan daina maganin su ma lokacin haɗari ne.

Ta fuskar addini, hukunci na malamai ne, kuma ya kyautu likitoci su zauna da su su bayyana musu bambancin abin da ke gusar da hankali da abin da ke mayar da mutum cikin hankalinsa. Ƙasashen Musulmi sun riga mu shiga wannan tattaunawa. Iran na cikin masu manyan shirye-shiryen metadon a duniya, Maleshiya ta fara nata a 2005, har aka buɗe wurin bayar da shi a wani masallaci a Kuwala Lumfur. Addu'a da rubutu da nasihar liman ba sa karo da magani. Mari da bulala ne ba su taɓa mayar wa ƙwaƙwalwa abin da ta rasa ba.

## Amma tramol ba hiroyin ba ce

Wannan gargaɗi ne ga masu ɗauko tsarin Turai su dasa shi yadda yake. Kusan duk binciken da aka ambata a sama a kan masu hiroyin da magunguna masu ƙarfi aka yi shi. Tramadol aiki biyu yake yi: hanta na juya shi zuwa wani sinadari mai kama guraben ofiyom, shi kansa kuma yana taɓa sinadaran da magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Wannan aiki na biyu ne ke ba manomi da mai haƙar zinariya da ɗan kabu-kabu jin ƙarfin da suke nema, shi ne kuma ke kawo farfaɗiyar da ake gani. Wajen bari ma, kamar mutum ɗaya cikin takwas kan gamu da firgici mai tsanani, da ruɗewa, da gane-gane ko jiye-jiye, abin da a gida nan da nan za a ce iskoki ne.

Metadon ya fi tramadol ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka ba kowane mai tramol za a ɗora a kai ba. Ga wanda bai yi nisa ba, likitoci kan rage masa tramadol ɗin asibiti mataki-mataki cikin makonni, su yi maganin rashin barci da damuwa, su kuma nemo abin da ya kai shi tun farko, ko ciwon baya ne, ko gajiyar aiki, ko matsalar aure da yake jin kunyar faɗa. Ga wanda ya shekara da shekaru yana haɗiyar masu yawa, ya bari ya koma ba sau ɗaya ba, an yi amfani da bufrenofin an kuma ga amfaninta. Wanda ya cancanci wanne, aikin likita ne bayan ya ji gaskiyar abin da mutum ke sha. Likitocin ƙwaƙwalwa na Yamai sun wallafa bincike kan tramol tsakanin yaran titi tun 2012, matsalar ba baƙuwarsu ba ce.

## Giɓin da ke bakin ƙofar asibiti

Ko a inda maganin yake a wadace, a nan ake zubar da mutane. A binciken Masacusets, uku cikin goma ne kawai suka samu ɗaya daga cikin magungunan. Wani gwaji na 2014 a Amurka ya raba majinyata masu jarabar ƙwaya da ke kwance a asibiti gida biyu. An fara wa wasu bufrenofin tun suna kan gado aka kuma haɗa su kai tsaye da inda za su ci gaba. Kashi 72 cikin ɗari suka je. Sauran aka janye musu maganin aka miƙa musu bayanin inda za su nema da kansu. Kashi 12 suka je. Takarda a hannun mutumin da bai yi barci ba kwana huɗu ba ta kai shi ko'ina.

A Afirka ta Yamma maganin bai wadata ba. Senegal ce ta buɗe hanya da cibiyar jinyar masu jarabar ƙwaya ta CEPIAD a asibitin Fann na Dakar a ƙarshen 2014, bayan Tanzaniya ta fara a 2011. Metadon da bufrenofin suna ƙarƙashin yarjejeniyoyin duniya na 1961 da 1971, shigo da su na buƙatar izinin hukuma, da wurin ajiya mai kulle, da rajista, da ma'aikatan da aka horar. Mu a nan abin da ya fi fitowa fili shi ne kame-kamen hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta OCRTIS da jawaban ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya. Kamen na da amfani, amma duk lokacin da ƙwaya ta yi tsada ko ta yi wuya, akwai dubban jikunan da suka riga suka saba, kuma za su nemi abin da ya maye gurbinta ko da ya fi ta muni.

Sannan ga nisa da kunya. A Yamai, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa, wanda aka fi sani da Pavillon E, shi ne inda aka fi tura irin waɗannan majinyata, amma iyalai da yawa na gudun a ce ɗansu ya taɓu, musamman in ana batun aurensa ko na ƙannensa mata. Mutumin Tawa kuwa tsakaninsa da Yamai kilomita fiye da 500 ne. Tsarin da ke buƙatar zuwa kullum da safe ba zai yi masa aiki ba sai an kawo shi asibitin jiha da ƙananan cibiyoyin lafiya, balle ɗan ci-ranin Adar da ke tafiya Abijan ko Libiya da zarar an gama girbi.

## Kafin a naɗe tabarma

Mai jinya, ko uwa ce ko yaya ko mata, yana da damar tsayar da likita ko majo ya yi tambaya kafin a bar ɗakin. A fara da faɗin gaskiya: wace ƙwaya, mai lamba nawa, guda nawa a yini, tun yaushe, da me ake haɗa ta. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma in an ɓoye masa zai auna magani a kan ƙarya. A tambayi me zai sha daga yau, nawa, zuwa yaushe, kuma yaya za a rage. A nemi rana da wuri da sunan sashen da za a koma cikin makon farko, wani ya raka shi. Maganin ya zauna a hannun mutum ɗaya amintacce, a kulle, nesa da yara. Shi kuma majinyacin a gaya masa ƙarara, ba da faɗa ba, cewa in har ya zame ya koma, abin da ya saba sha a da yanzu zai iya kashe shi, kuma ya faɗa da wuri don a koma wurin likita.

Ƴan gida su san alamun haɗari: barcin da ake tashi ba ya tashi, numfashi jefi-jefi ko minshari mai kama da shaƙewa, leɓe ya sauya launi, baƙin ido ya ƙanƙance. Kada a ɗura masa madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, in yana farfaɗiya kada a tura masa cokali a baki, a nemi mota. A asibiti akwai allurar nalokson mai farfaɗo da numfashi cikin mintuna, amma a kan tramol aikinta bai cika ba, ba ta hana farfaɗiya, kuma ƙarfinta na ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90 alhali ƙwayar na nan a jiki. Ko ya buɗe ido ya ce a tafi gida, a bar shi a gado har sai likita ya sallame shi.